Shugabar da Ta Zauna a Bencin Yara

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, sha huɗu ga Safar, muna tsakiyar darasi, labari ya iso cewa Allah Ya karɓi ran shugabar makarantarmu, wadda muke kira Goggo.

Goggo, abin da idona ya gani kawai zan faɗa. Kin same mu da wata al'ada: malami ba ya leƙa ajin ɗan'uwansa, ƙarami kuma ba ya nuna wa babba hanya. Duk wanda aka tura bita ya dawo da sabon salo, sai a tare shi da zolaya a ɗakin malamai har ya naɗe abinsa. Haka aka yi wa malamar kimiyya, ƙaramarmu, da ta raba yara rukuni-rukuni ta bar su suna tambaya. Malamin lissafi, dattijonmu, ya ce mata, "'Yata, aji kika buɗe ko kasuwa?" Aka kwashe da dariya. Ta fara maganar barin aiki.

Ba ki tsawata wa kowa ba. Washegari kika shiga ajinta da ciwon gwiwarki, kika zauna a benci tsakanin yara, kika ɗaga hannu kamar kowa. Amsarki ba ta yi daidai ba. Ko da gangan ne, Allah Ya sani. Wata yarinya ta gyara miki, kika ce, "Allah Ya yi miki albarka, maimaita in ji." Ni da na taso a makarantar allo, inda ko ido ba ma haɗawa da malam, ina tsaye a taga ina kallo. Ban taɓa ganin babba ya sunkuya haka girmansa ya ƙaru ba.

Sannan kika ce wa malamin lissafi, "Yaya, gobe zo ka taya ni zama, bencin ya yi mini faɗi." Don kunyarki ya zo. Malamar kimiyya ba ta sake zancen tafiya ba.

Da kika rasu, na ji tsoron kowa zai koma ya rufe ƙofarsa. Sai a wurin zaman makoki na ji dattijon nan yana ce mata, "'Yata, ran Litinin ki zo ajina ki duba ni. In na kuskure, ki faɗa."

Allah Ya jiƙan ki, Goggo, Ya haskaka makwancinki, Ya sa wannan ya zame miki sadaka mai gudana. Maigidanki da 'ya'yanki da jikokinki, Allah Ya ba su haƙurin rashinki, mu ma Ya ba mu. Amin.