Jan Waken da Yaya Sa'a Ba Ta Gama Aunawa Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Sa'adatu, Allah Ya jiƙanta. Duk damina idan wake ya fara yaɗo, sai in riƙa ganinta tsugune a gonar Kawu Idi a Tsaskiya, mayafi ɗaure a ƙugu, tana juya ganye a hankali kamar mai duba tafin hannun jariri.

Karatun tsirrai take yi a lokacin, digiri na biyu. A bayan kowane ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan tsiro ke shaƙar iska, ta nan kuma ruwan jikinsa ke fita. Su take aunawa. Da hantsi, kafin zafi ya sa su rufe, sai ta shafa man farce marar launi a bayan ganyen, in ya bushe ta ɗago shi da salatef ta liƙa a ɗan gilashi. Wannan siririyar fata ta kwashe siffar ƙofofin ke nan. A makaranta sai ta sa ta a madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, ta ɗauki hoto, ta ƙirga yawansu, ta auna tsawo da faɗi.

Kawu yakan jingina da fartanya yana kallonta. "Sa'a, yanzu har wake ake yi wa kwalliya?"

"Tambayarsa nake yi, Kawu, yadda yake jure ƙishi."

"To, in ya amsa ki sanar da ni."

Jan wake ne ɗan ƙarami, irin da kakarmu ta bari. A gidanmu an yi imani cewa in ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, shi ne na ƙarshen yaushi. Yaya Sa'a tana zaton sirrin yana ƙofofin nan. Ciwo ya ɗauke ta kafin ta kai ƙarshe.

Ni ma fannin na karanta, kuma hotunanta suna wurina. Wani lokaci nakan buɗe su ba don aiki ba. Suna kama da gari in an hango shi daga sama, ko idanu barkatai da barci bai gama saki ba. Kowane hoto wata safiya ce guda da ta wuce: ganyen yana numfashi, ita ma tana numfashi a gefensa.

Yau akwai manhajar da ke ƙirga ƙofofin da kanta, aikin da Yaya take kwashe makonni tana yi da ido. Da Yaya tana raye, me za ta ce? Ina jin za ta yi murna, sannan ta zauna ta bi sawunta, don na lura manhajar takan ɗauki kumfar iska a matsayin ƙofa. Amma ba na son in sa mata magana a baki.

Bana Kawu ya zo mini Batsari. Rashin tsaro ya raba shi da babbar gonar, sai wani ɗan fili kusa da Safana. 'Ya'yansa suna son sabon iri mai saurin nuna, filin kuma ba zai ɗauki biyu ba. Jan waken da ya rage bai cika ƙwarya ba, ƙwari sun fara shigarsa. In bai shiga ƙasa bana ba, ya tafi ke nan.

"Me ganyen ya gaya wa yayarka?" in ji shi.

Na ce a hotunanta ƙofofin jan waken sun fi ƙanƙanta, sun kuma fi yawa. Sai dai ganyen da ta ɗiba kaɗan ne, na damina ɗaya, ga batun saiwa da ƙasa da ba a duba ba. Mai yiwuwa yana da alaƙa da jure fari, mai yiwuwa babu.

"Ɗan nan, in shuka ko kar in shuka?"

"Kawu, ba zan iya cewa ba."

Iyali gare shi, sabon irin ya zaɓa, ban kuma ga laifinsa ba. Amma da zai hau babur sai ya miƙo mini ƙwaryar jan waken. "Kai da ba ka tabbata ba, je ka tabbata."

Yanzu jan waken yana yaɗo a bayan gidan da nake haya, kunya uku kacal. Nakan yi tunanin abin da ya saura na Yaya Sa'a. Ba ta karɓi digirin ba, sunanta bai fito a kowace mujalla ba. Tambaya ta bari a buɗe, kuma in na fahimta daidai, tambayar ce ta hana waken ƙarewa: da babu ita, da tuni an dafa ɗan abin da ya rage. Ko zan samo amsar, ban sani ba. Iri dai zan ajiye na baɗi, in Allah Ya kai mu.

Allah Ya haskaka makwancinta.