Huhun Ragon Layya

Shekarun baya can, ina aji biyar a sakandare a nan Minna, saura ƙiris a kore ni daga ajin kimiyya saboda zomo. Wallahi zomo guda ɗaya tak.

An kawo shi ɗakin gwaje-gwaje cikin kwali, fari fat, yana ta motsa hanci. Aka ce za a shaƙa masa magani ya mutu, a fede shi mu ga kayan cikinsa, in an gama a jefar. Ni da nake cika baki a gida wai likita zan zama, sai ga ni na tsallake benci na yi waje ina kuka. Mataimakin shugaban makaranta ya ce wadda ba ta iya tsayawa a aikin gwaji ba ta da mazauni a kimiyya. Da an dawo hutun Babbar Sallah in koma ajin adabi.

Malamarmu ta bayoloji Kirista ce daga kudancin Kaduna, gajeriya mai faɗan tsiya, kuma layinmu ɗaya da ita a Tudun Fulani. Ta tsare ni a bayan aji. "Ke, jini kike tsoro?" Na ce, "A'a Malama, duk Sallah ni ke wanke hanji. Kashe shi a banza ne ba zan iya kallo ba." Sai ta ce, "Ki gaya wa mamanki, naman da take aiko min, bana huhu da zuciya nake so, haɗe da maƙogwaro, ɗanye."

Da na isar da saƙon, mahaifiyata ta riƙe haɓa. "Huhu? Malamarki guda in aika mata huhu, a ce mun raina ta? Kara ce kawai take mana." Ranar Sallah, kafin in dawo daga rabon nama ta soye kayan ciki tas, ta sa an kai wa Malama cinya guda. Na zauna bakin murhu na sha kukana, don na riga na ga kaina a ajin adabi.

Washegari da hantsi sai ga Malama da cinyar a kwano da famfon keke a hammata. Ta ce, "Mama, na gode, amma cinya ba za ta hana a cire yarinyar nan ba." Ta ji maƙwabcinmu mutumin Bida sai ranar yake yanka, ta shiga da kanta wai a yi musaya. Ya yi dariya ya ce, "Haba Malama, ba a cinikin naman layya. Ɗauki huhunki, ki tafi da cinyarki."

A tsakar gidanmu ta ɗora shi kan faranti, ta zura bakin famfon a maƙogwaron, ta ce in riƙe. Tana bugawa huhun ya kumbura a hannuna, ta saki ya sace. Mahaifiyata ta ajiye ludayi ta matso. "Allahu Akbar! Shekara da shekaru ina soya abin nan, ashe haka yake numfashi?" Sai Malama ta miƙo min wuƙa. Na raba zuciyar, na nuna wa Malama ɗakuna huɗun da ke ciki, na zana komai.

Da aka koma makaranta ta ɗauki zanen ta shiga ofishin mataimakin shugaba. Ban san me ta gaya masa ba, amma har daga aji muna jiyo muryarta. Aka bar ni a kimiyya.

Likitan dai ban zama ba, jinya nake yi, kuma alhamdulillahi. Abin da har yau yake burge ni da matar nan shi ne ba ta ce in daure ba, ba ta kuma ce in haƙura ba. Ta nemo hanyar da zan koyi abin ba tare da an kashe wata dabba domina ba.

Ta rasu ina shekarar ƙarshe a makarantar jinya. Da zan tafi ta'aziyya garinsu, mahaifiyata, wadda ko Bosso da ke nan kusa da mu sai ta yi ƙorafin nisa, ta ɗauki mayafinta ta riga ni shiga mota. Da muka isa ta kama hannuna ta kai ni gaban 'ya'yan Malama, ta ce, "Ga 'yar'uwarku. Ni na haife ta, amma uwarku ce ta tsaya mata."