Bakaniken da Ya Raɗa wa Ƙara Suna

Kawuna bakanike ne, amma in ka ji bakinsa sai ka rantse malamin makaranta ne ya ɓace hanya ya faɗo gareji. Shekara talatin ba wanda ya kawo masa mota ya ce "tana ƙara" ya tsira.

"Wace irin ƙara?" zai ce. "Kai ma ai ƙarar kake yi mini yanzu."

Kowace ƙara sai da ya raɗa mata suna. In bel ɗin inji ya saki yana tsuwa da safe, wannan tsiwirniya ce. In ƙafar mota na bugawa a gargada, gudundumi ke nan. Akwai ƙyalƙyas, akwai kuma yayarta ƙyalƙyasa, waɗanda har yau na kasa bambancewa, shi kuwa sai ya kalle ni da tausayi. Direbobin unguwa sun sha yi masa dariya, suna dariyar suna haddacewa.

Sai kunnensa ya fara nauyi. Bara abin ya kai in an tada inji sai ya dafa bonet kafin ya san an tayar. 'Ya'yansa suka ce a rufe garejin ya huta. Ranar ya wuni zaune kan tsohuwar taya. Wallahi ya ba ni tausayi, don garejin nan shi ne ransa.

Ana haka sai ga wata mai kai yara makaranta a ƙaramar bas, tsohuwar kwastomarsa. Babban ɗansa ya tare ta.

"Ki yi haƙuri, Baba ba ya ji yanzu."

"Ai ni ina ji," ta ce. "Na bi kalmominsa kaf, babu wadda ta dace da ƙarar motata, sai na haɗa tawa."

Ta yagi kwali ta rubuta ta miƙa wa kawu: kwarangaɗas. Ya karanta, ya juya kalmar a baki sau uku, ya ɗauki sifana ya shige ƙarƙashin bas ɗin. Ko minti biyar bai yi ba ya fito, ashe ƙarfen da ke riƙe salansa, wato bututun hayaƙi, ne ya kwance.

"Kalmarki ba ta da kyan gani," ya ce da ƙarfi, "amma ba ta yi ƙarya ba."

Sannan ya juya wajen ɗansa.

"Je ka sayo mini allo da alli. Gobe ƙarfe bakwai zan buɗe."