Tayar Ciɗo Marar Iska

Rigimar da aka fi tuna Ciɗo mai faci da ita a tashar motocin Kalfu, cikin Tawa, da akuya ya yi ta, kuma akuyar ce ta ci. Yana da tsohon baho da yake cikawa da ruwa, ya tsoma robar cikin taya ya ga inda kumfa ke tashi. Wata bazara akuyar Kande mai ƙosai ta shanye ruwan tas, sau uku a yini ɗaya. Ya jawo ta da kunne har gaban kasko.

"Kande, ki ɗaure ɗiyarki. Ta shanye min ruwan aiki."

"Ruwan da kake wanke ƙazantar motocin Adar duka ciki? Wallahi in ta yi zawo kai za ka yi jinya. Saki kunnenta, ba kai ka haife ta ba."

Tasha ta kwashe da dariya. Da yamma an gan shi yana neman marfin baho, akuyar na tsaye tana kallonsa.

Ɗan Bambeye ne. Ya tafi biɗa, wato neman kuɗi, Abijan kamar kowane ɗan Adar da gemu ya fara tsiro wa. Wasu suka dawo da rediyo, wasu da ciwon baya, shi ya dawo da famfon iska. Shekara talatin yana gindin dogon yaro ɗaya yana liƙe tayoyi. Ya auri Kaltumi, wadda ta fi shi hankali, abin da ba shi da wuya.

Shekara huɗu da suka wuce, ran wata Laraba, Muktari, direban da ke jigilar ƙauyukan bayan Kalfu, ya kawo masa tayar ajiya ya duba. Ciɗo na cin goro. Ya danna ta da babban yatsa, bai cire robar ya tsoma a ruwa ba, ya ce, "Tana kai ka Lahadi."

Ran Juma'a maciji ya sari Kaltumi a gonar ƙanenta, inda ta je tsinkar wake. Da hantsi aka sa ta motar Muktari za a kawo ta likita. Dutse ya fasa taya. Aka sauko da ta ajiya, babu iskar da za ta hura wuta a cikinta. Suka zauna gindin aduwa suna jiran wata mota. Sai bayan la'asar ta zo, lokacin Kaltumi ta riga ta cika.

Ba wanda ya ce masa komai, har Muktari. Shi ma bai yi kuka ba. Bayan sadakar bakwai ya koma tasha, ya zauna, ya kama tsintar tsofaffin takalman roba. Ya yayyanka su, ya cusa cikin taya, ya danna da taɓarya har ta yi tauri kamar kan mazan garin nan. Ba fushi, ba murna. In an gaishe shi ya amsa, in an kawo abinci ya ci, hannu na ta dannawa.

Masu amalanken jaki da masu baro sun so abin, ƙaya ba ta yi masa komai. Mota ce ta ƙi. Da aka gwada kan kwalta, tayar ta yi zafi tana warin ƙuna, motar na tsalle har wata tsohuwa ta ciji harshenta, ga shan mai. Cikin rairayi kuwa direba kan rage iska ya wuce. Wannan ba abin ragewa, sai ta nutse.

Ciɗo bai damu ba. Abu ɗaya yake so: Muktari, wanda har yau shi ke ɗauko marasa lafiyan ƙauyukan, ya ɗaura guda a bayan motarsa. Shekara biyu yana mirgino masa ita, shekara biyu Muktari na samun uzuri.

Bara, da rana tsaka, Muktari ya zo da mai mara masa baya: Mushe Daniyel (haka ake kiran malam da Faransanci), malamin makarantar koyon sana'a, mutum mai kirki wanda ba ya iya ganin ƙofa bai yi mata bayani ba. Mushen ya fiddo salula ya nuna hoton wata taya mai ramuka kamar saƙar zuma.

"Baba Ciɗo, duba. Turawa ma, da injunansu, sun daɗe suna fama. Kan ƙananan injuna tana aiki, amma motar haya? Zafi, ƙara, nauyi. Iska ta fi taushi, ta fi sauri."

"Hakanan ne, Mushe."

"Ka ji ko, Baba?" in ji Muktari. "Wagga abu nauyin buhun hatsi gare ta, wurin mutum guda za ta cinye min. In na sa ta, mi zan yi? Tahiyar jaki?"

Ciɗo ya ajiye taɓarya. Bai ɗaga murya ba, kamar mai faɗin ranar kasuwa.

"Daga gindin aduwar nan zuwa likita, Muktari, jaki kahin azahar shina isowa."

Mushe Daniyel ya mayar da salula aljihu. Muktari ya sunkuya ya kama gefen tayar.