Mugun da Kakata Ta So

Kakata ta wajen uba ta zame a bakin rijiya a Gwiwa, ƙashin cinyarta ya karye. Damina ce, ƙasa ta yi santsi, ita kuwa ba ta yarda wani ya ɗebo mata ruwan alwala. Da mai ɗori ya gama nasa, Baba ya ɗauko ta a mota ya kawo ta gidanmu a Kazaure, ya ce ba za ta koma ba sai ta taka da ƙafarta.

Inna muke ce mata. Bafulatana ce siririya, mai kaifin baki, wadda ba ta san zama ba. Kwanciyar nan ta fi karayar damunta. Ta yi faɗa da fanka, ta yi faɗa da katifa, ta ce nonon da ake dama mata fura da shi rabinsa ruwa ne. Abinci kuwa sai ta ɗan taɓa ta ture. Ni lokacin ina hutun makaranta, sai aka ɗora mini zama da ita daga azahar zuwa la'asar, yayin da Mama ke fama da girki.

Wata rana ina zaune a kan tabarma a gefen gadonta, na toshe kunnuwana da abin sauraro ina kallo a waya, sai na ji an zungure ni da mafici.

"Maigida," in ji ta, don haka take kirana saboda wasan kaka da jika, "me kake wa dariya kai kaɗai?"

Na juya mata wayar. Ta ƙura ido.

"'Yan tsana ne?"

"Katun ne na mutanen Japan, Inna. Anime ake ce masa."

"To me ya sami idanunsu? Kamar na mujiya."

Na ce haka ake zana su. Ta ce in ƙaro muryar. Da ta ji yaren sai ta tambayi me suke cewa, na ce ni ma ba na ji, rubutun Turancin da ke ƙasa nake karantawa. Ta ce to in riƙa faɗa mata da Hausa, tunda ba don in yi wa waya dariya aka sa ni makaranta ba. Na mayar da shi farko, na jingina wayar da kwanon sha a kan kujera, muka fara.

Labarin wata ƙasa ne da ruwan samanta yake rufe cikin wani ƙaton tulu a fadar sarki. Inda sarki ya so a yi ruwa, can ake buɗe wa tulun baki. Sarkin ya tsufa, yana da 'ya'ya biyu, mace da namiji. Akwai kuma jarumin labarin, wani saurayi mai jan gashi da takobi, wanda ba ya magana sai da ihu. Inna ba ta taɓa ƙaunarsa ba.

"Wannan yaron ba a yi masa tarbiyya ba," ta ce. "Dubi yadda yake nuna dattijo da yatsa."

Sai mashawarcin sarki ya shigo. Dogo ne siriri, gashinsa fari har gadon baya alhali ba tsoho ba ne. Hannun rigarsa ya rufe yatsunsa, idanunsa kullum a lumshe kamar mai murmushi cikin barci. Ba ya ɗaga murya, ba ya riƙe makami. Abin da yake riƙewa butar shayi ce. Ya zo gaban sarki ya durƙusa, ya zuba masa shayi, ya ja da baya a hankali.

"Yauwa," in ji Inna. "Ga ɗan mutunci."

"Inna, wannan shi ne mugun."

"Kishi kake. Na sami wanda ya fi ka ladabi."

Tun daga ranar ta raɗa masa suna Mai Shayi. Ina shigowa ɗakin da rana, kafin in zauna za ta ce, "Ina mutumina?"

Makircinsa ba irin wanda na saba gani ba ne, don bai taɓa yin ƙarya ba. Gaskiya yake ɗauka ya raba ta biyu, ya ba ka rabin da zai hana ka sukuni, ya riƙe sauran. Ya gaya wa ɗan sarki cewa ƙanwarsa tana shiga ɗakin tulu ita kaɗai. Gaskiya ne, sai dai bai ce tsagewar da tulun ya fara yi take dubawa ba. Ya gaya wa yarinyar cewa yayanta yana tara mayaƙa a bayan gari. Shi ma gaskiya ne, amma gada za su gyara. Yana da waɗansu baƙaƙen malam-buɗe-littafi da ke sauka a kan labule da tagogi su kwaso masa zance. In ya gama haɗa mutum biyu, shi ne zai zo ya zauna a tsakaninsu yana zuba musu shayi, yana ba su haƙuri.

Ranar da Inna ta gane abin da yake yi, na zaci za ta juya masa baya. Sai ta tafa hannu ta kwashe da dariya har cinyar ta motsa ta yi salati.

"Makiri! Kai, wannan makiri ne!"

Daga nan ma sai ta fara taya shi. In yana ƙulla wani abu ta hango 'yar sarki a bayan labule, sai ta ɗago daga matashi ta ce, "Kai, yi shiru, ga yarinyar nan tana jin ka!" Mama ta shigo da kwanon shinkafa ta tarar da haka.

"Inna, mugun kike tayawa?"

"Ni ban ce ya kyauta ba. Amma duk cikinsu shi kaɗai ne yake tunani kafin ya buɗe baki."

Baba da farko bai ji daɗin abin ba. Ya kira ni tsakar gida ya ce, "Mahaifiyar tawa kake zaunarwa kana nuna wa katun?" Mama ce ta nuna masa kwanukan da ke fitowa daga ɗakin a share. In ana kallo, Inna tana ci ba ta ma sani ba. Daga nan ya ƙyale mu. Wani lokaci ma in ya dawo daga aiki yakan tsaya a bakin ƙofa, wai ya zo gaishe ta, sai gaisuwar ta yi tsawo.

Ana cikin haka muka zo inda aka nuna yarintar Mai Shayi. Ashe ɗan wani ƙauye ne da sarki ya hana wa ruwa saboda dagacinsu ya ɓata masa rai. Gonaki suka ƙone, rijiyoyi suka ƙafe, mutane suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Aka nuna shi yana yaro yana jan wata ramammiyar saniya a kan hanya, har ta durƙusa ta kasa tashi. A daren da ya binne uwarsa gashinsa ya yi fari.

Ina fassarawa, sai na juya wajen Inna. Na dube ta, na ga tana kallon rufin ɗaki. Ta yi wata magana da Fulatanci, wanda ni gaisuwa kawai na iya a ciki, sannan ta dawo Hausa.

"Mu ma mun ga irin wannan. Ina goyon ubanka."

Ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Yadda suka kora shanu daga wajen Babura suna neman ciyawa, yadda suke sassabe ganyen bishiya su ba su. Tana da wata saniya fara da mahaifinta ya ba ta, mai zuwa in ta kira ta. A hanya ta kwanta. Inna ta ce ta zauna a gabanta tun hantsi tana lallashi, kakana yana cewa su tafi, har sai da ya zo ya ɗago ta da hannu.

"Ba sarki ne ya hana mu ba, ikon Allah ne," ta ce. "Shi wannan ya san wanda ya hana su. Shi ya sa." Ta gyara ɗankwalinta. "Amma zai tuba. Ka tsaya ka gani."

A fadar akwai sarkin yaƙi, wani ƙato mai yawan dariya. Shi ne ya tsinci Mai Shayi a kan hanya suna samari, ya raba abincinsa da shi, ya kawo shi fada. Shi kaɗai ne Mai Shayi yake yi wa hira ta gaskiya. To, da tsagewar tulun ta fito fili aka fara neman wanda ya jawo, sai Mai Shayi ya jera abubuwa yadda duk zargi zai faɗa kan wannan abokin nasa. Aka ɗaure sarkin yaƙi da sarƙa a gaban jama'a. Yana ta waiwaye yana kiran abokinsa ya zo ya faɗi inda yake a ranar da aka ce tulun ya tsage, don tare suka wuni. Mai Shayi yana zaune a gefen sarki. Ya ɗauki buta ya cika kofi, bai ɗago ba.

"Kashe," in ji Inna.

"Saura kaɗan ya ƙare, Inna."

"Na ce ka kashe abin nan."

Ta juya fuskarta bango. Washegari na shigo da waya ta ce in fita da ita. Kwanakin da suka biyo baya ba ta yarda an ko ambaci katun ba. A cikinsu ne ta sa aka kawo mata sanda, ta fara takawa daga gado zuwa ƙofa tana dafa kafaɗata, tana cije baki, tana yi mini faɗa cewa ina tafiya kamar agwagwa. Sai wata rana mun kai bakin ƙofa, tana haki, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Shi wancan maras kunyar, yana nan?"

"Yana nan."

"To kunna mu ga iyakarsa."

Ba mu ga iyakar tasa ba, don abin da ke wayata ya ƙare a tsakiyar labari. Na je shagon da ake tura mana fina-finai, aka ce sauran bai fito ba tukuna. Kafin ya fito ƙafa ta yi kyau, gero ya nuna, Inna ta ce ita ba za a yi girbi tana kwance a birni ba. Baba ya mayar da ita Gwiwa. Duk wanda zai zo Kazaure daga can, sai ta ba shi saƙo ya tambaye ni ko an sami labarin mutumin nan.

Da ƙarshen ya fito, na hau acaɓa ranar kasuwa na kai mata. Na same ta a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ko ruwa ban gama sha ba ta ce in kunna.

Mai Shayi ya fasa tulun da hannunsa, don ambaliya ta cinye fada da duk wanda ke cikinta. Jarumin mai ihu da 'ya'yan sarki suka kwashe mutane zuwa tudu, ruwan da ya rage ya koma sama, ya fara sauka a ko'ina ba sai da izinin kowa ba. 'Yar sarki ta hango Mai Shayi a kan katanga, ruwa yana hawowa. Ta miƙa masa hannu ta ce in ya nemi gafara za a yafe masa. Ya ce da za a mayar da shi farko, haka zai sake yi. Katangar ta rufta da shi.

Inna ta daɗe riƙe da gyaɗa ɗaya a hannu.

"Bai ce komai ba a kan abokin nasa?"

"Bai ce ba."

"Duba rubutun da kyau. Kai wani lokaci kana tsallake."

Na mayar da shi baya, na karanta mata kalma bayan kalma. Babu. Ta ɓare gyaɗar ta jefa a ƙwarya, ta ce, "Allah ya kyauta. Bai sami babba ba ne da zai zaunar da shi."

Bayan la'asar maƙwabtanta mata suka shigo taya ta ɓarar gyaɗa. Ashe duk sun san Mai Shayi, don tun dawowarta take ba su labarinsa. Suka ce yaya aka ƙare. Inna ta gyara zama ta fara. Ta faɗi fasa tulun daidai, ta faɗi ambaliyar daidai. Da ta zo ƙarshe sai ta ce kafin ruwa ya kai gidan kurkuku, Mai Shayi ya ruga ya kwance abokinsa, ya durƙusa yana kuka ya roƙe shi gafara, ya tura shi tudu, sannan ruwa ya tafi da shi.

Na buɗe baki. Ta juyo ta kafe ni da ido.

"Ga wanda ya karanta Turancin nan. Maigida, haka ne ko ba haka ba?"

"Haka ne, Inna."

Wata tsohuwa da ke gefe ta share ido da bakin mayafinta ta ce, "Allah sarki. Allah ya jiƙansa."

Matan duk suka amsa da amin. Ni ma na amsa.