Malam Tankari, Wanda Yake Bin Gonaki Kafin A Saki Shanu

Ranar Talata da hantsi wani direban garin Gesheme ya tsaya ƙofar gidana a Dogon Dutsi, ya ce Allah ya yi wa Malam Tankari rasuwa bayan jinyar kwana huɗu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na yi salati, sannan, Allah ya gafarta mini, haushi ya kama ni, domin ya tafi wake bai bushe ba.

Wanda bai san shi ba zai ga maganar ba ta dace da makoki ba, don haka bari in yi bayani. Ni da Tankari sa'o'in juna ne. Aka kai ni lakol, wato makarantar boko, na zama malamin makaranta, wanda a nan muke kira mushe, shi ya zauna gona. Kowace shekara bayan yankan hatsi, shi da ardon Fulanin yankinmu sukan bi gonaki da ƙafa, suna ɓare kwanson wake, suna duba dawa. Sai sun yarda babu sauran amfani a ƙasa, sannan su gaya wa maigari ranar da za a saki gonaki dabbobi su shiga. Wannan yawon shi ya hana mu zubar da jini tsawon shekaru.

Na yi ta roƙonsa ya bar ni in rubuta wace gona ke riga nuna, wace ke jinkiri. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Mushe, ran da ka rubuta, ran nan za a daina zuwa a duba."

Sai wata ƙungiya ta ƙasashen waje ta zo da shirin hana rikici tsakanin manoma da makiyaya. Ni na yi musu tafinta. Ba zan ci amanarsu ba: sun gina rijiyoyi a bakin burtali, sun kafa turakun siminti, kuma mutane ne masu ladabi. Amma sun so a tsayar da rana guda ta sakin gonaki, a rubuta a allo, kowa ya sani. Ni ma na goyi baya, har na tashi na yi jawabi kan amfanin tsari. Tankari ya tambaya ko an sanar da ruwan sama wannan ranar. Aka yi dariya, ni kuwa na ƙi fassara tambayar, ina ganin rashin kamun kai ce. Har yau ina jin kunyar wannan.

A shekarar damina ta makara. Makiyaya suka iso a ranar da ke kan allo, kuma da gaskiyarsu. Waken kwari yana ɗanye, manoma ma da gaskiyarsu. An riga an fito da sanduna lokacin da Tankari ya iso. Bai ɗaga murya ba. Ya kama hannun Ardo Buba, ya ɓare kwanso ya sa masa a tafi, ardo ya latsa ya ga ruwa. Sannan ya ce a fara kora shanun cikin tasa gonar, su ci har waken, a ba sauran mutane kwana goma. Iyalinsa sun sayi wake a kasuwa a shekarar.

Me ƙungiyar ta koya? Ta kai shi Yamai, ta ɗauke shi hoto, ta ba shi takardar yabo da ba ya iya karantawa. Allon kuwa yana nan tsaye, an ma sake masa fenti. Ranar sadakar ukun rasuwarsa wasiƙarsu ta iso, tana gayyatarsa taron ƙara wa juna sani kan dabarunsa. Da aka gaya musu ya rasu, suka yi ta'aziyya da kyau, suka nemi a turo wakili. Babu wanda ya tambayi wa zai bi gonaki bana. Zaman lafiyar da ake tattaunawa a manyan ɗakuna, a nan ƙafar mutum ɗaya ce ke riƙe da shi, kuma mun binne ta.

Bana ma waken kwari ya makara, shanu kuma sun fara taruwa a burtali. Ardo Buba, wanda ya tsufa kamar ni, ya same ni a zaman makoki ya ce, "Mushe, da wa za ni yawon wagga shekara?" Na gaya masa gwiwoyina sun mutu, kuma ban taɓa ɓare kwanso don sanin nunarsa ba. Ya ce shi zai ɓare, ni dai manoma su gan ni tare da shi. Muka sa Alhamis. Hajiya Mariyama, matar marigayi, ta aiko daga cikin gida cewa in zo, amma in bar littafina da alƙalamina a Dogon Dutsi. Zan bar su.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Tankari, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka saka masa da alheri kan gonar da ya bayar. Ka ba Hajiya Mariyama da 'ya'yansa haƙuri. Mu kuma da za mu fita ranar Alhamis, ka ba mu ƙafa da ido, ka sa a saki gonakin bana ba wanda ya ɗaga sanda. Amin.