Jirgin da Na Saya a Kan Tudu

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da masu karatu. Ni tsoho ne yanzu, ido ya fara gardama, gwiwa ma haka, amma akwai abin da ya ƙi tsufa a raina, shi ne nake so in sauke yau. A shekarun da aka ba ƙasarmu mulkin kai ina sabon magidanci a wani ƙauye na gefen Gidan Rumji, ina noman hatsi da gyaɗa, ga ƙarfi ga taurin kai. In na ce zan yi abu, to ko liman ya haƙura. Kakanninmu daga arewa suka gangaro da dabbobi, fari ya cinye dabbobin, suka zauna suka kama hauya. Saboda haka ruwa a wurinmu na rijiya ne, na guga. Duk zuriyarmu babu wanda ya iya iyo, har da ni mai bakin nan.

Wata kaka na tafi Agiye dakon buhunan gyaɗa. A bayan gidan Anasaran da ke sayen gyaɗar na ga wani abu fari a kife ƙarƙashin bishiyar bedi. Kukun gidan ya ce mani jirgin ruwa ne na alminiyan, irin farin ƙarfen nan da ake tukunya da shi, maigidansa ke shiga tabki da shi harbin agwagi, yanzu kuma zai koma ƙasarsu ya bar mashi. Na ɗaga gefe ɗaya da hannu guda, sakayau! Nan take na tuna masuntan da ke zuwa gulbinmu duk shekara su kwashi tarwaɗa da ƙarfasa su sayar mamu da tsada, mu muna tsaye a baki kamar baƙi. Na ce ashe abin da suka fi mu da shi ke nan. Kukun ya yi ta rantsuwa cewa ko ɗigo ba ya yoyo, ya nuna mani sabon fentin da aka shafa mashi. Ni kuwa na zagaya shi, na ƙwanƙwasa, na leƙa ciki, yadda muke duba bijimi a kasuwa. Abin da na tara a dakon nan duka na zube mashi. Kamyon gyaɗa, babbar motar kaya, ya kai mani shi Maraɗi, daga nan amalanke ta kawo shi gida.

Ranar da ya iso gari ya fito kallo. Abokan wasa suka ce in ɗaura mashi jaki ya ja ni zuwa Makka. Innarmu ba ta yi dariya ba. Ta ce ita dai ba ta haifi ɗan ruwa ba, kuma in har sai na shiga, to in shiga ni kaɗai, kada in kuskura in ja mata ƙanena. Shi ƙanen nan nawa shi ke bi na, mutum ne mai sanyi, matarsa na da cikin fari a lokacin. Tun muna yara duk inda na sa ƙafa nan yake sa tasa. Na ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, zan gwada jirgin a gabanta ta gani.

Ga yadda na gwada shi, don Allah ku ji wauta. Mu abin da muka sani, in an sayi tulu ko ƙwarya, a zuba ruwa a ciki a ga ko tana zuba. To haka na yi. Na ja shi bakin rijiya da rani tsaka, na yi ta ɗura mashi guga. Rijiyarmu zurfi gare ta, mata na jira da tuluna suna tsaki, wata tsohuwa ta ce ko raƙumi ba ya shan abin da kwanon nan ke sha. Da ruwan ya rufe mani idon sawu na ce ya isa. Ya wuni a haka, na leƙa ƙarƙashi, ƙasa a bushe ƙarau. Na kira Inna na nuna mata, ina ta baza haƙora. Ban san cewa jerin ƙusoshin da suka saki suna can sama, a tsakiyar haƙarƙarin jirgin, an cusa masu danƙo an bi da fenti ba. Ruwan gugana bai ko kai kusa da su ba.

Damina ta sauka, muka yi shuka, muka yi noman fari da maimai. Da hatsi ya fid da kai ya fara bunni aiki ya yi sauƙi, na ce lokaci ya yi. Lissafin manomi ke nan: na zaɓi ranar da gona ta sake ni, ban tambayi gulbi ba. Alhali a daidai lokacin ne gulbi ke cika ya batse, jajawur, yana jan itatuwa da mushen awaki. Masuntan ma sun ja kwale-kwalensu tudu suna gyaran taru, babbansu ya ce mani in jira ruwa ya ja baya. Na ɗauka hassada ce. Na je gona na sami ƙanena, na ce mashi ina bukatar mai riƙe mani taru, yanzu-yanzu za mu dawo, Inna ba za ta ma sani ba. Ya ce Yaya ba ka ganin ruwan nan, na ce in tsoro yake ji ya koma cikin mata. Ya ajiye hauya ya biyo ni.

Da hantsi muka shiga, mu biyu da taru da duwatsun da na ɗaura mashi da doguwar gora ta turawa. Nauyin ya danna jirgin, ruwa ya hau har tsakiyar haƙarƙarinsa. Ba mu yi nisa ba ƙanena ya ce ƙafarsa ta jiƙe. Na duba, sai ga ruwa yana tsartuwa ta jikin ƙusoshin nan, siriri-siriri, ta dama da hagu. Na miƙa mashi ƙwarya na ce ya kwashe, ina yi mashi tsawa don kada ya gane na tsorata. Yana kwasa yana salati, ruwa na ƙaruwa. Sai igiyar ruwa ta kama mu. Jirgin nan ba shi da nauyin kwale-kwalen itace, haka ta riƙa juya shi kamar faifai, bakin gulbi ya koma gabas, ya koma yamma, na rasa inda garinmu yake. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Na miƙe tsaye yadda na ga masunta na yi, na caka gora da dukan ƙarfina don in tokare ƙasa. Babu ƙasa. Gorar ta tafi, na bi ta, jirgin ya biyo ni ya kife.

Abin da ya faru a ƙarƙashin ruwan nan ban taɓa faɗa wa kowa ba, har matata. Duhu ne da laka, ruwa na shiga hanci. Sai na ji hannu ya damƙi rigata ta ƙugu, ya riƙe gam. Na san hannun wa ne. Yana ja na ƙasa, ƙirjina kamar zai tsage. Na naɗe ƙafa na harbe shi a ƙirji, ya ƙi saki, na ƙara, ya saki. Na taso sama, ruwa ya maka ni jikin wata bishiyar giyayya da ambaliya ta shanye rabinta, na rungume reshe. Da na share ido sai na hango gindin jirgin yana ƙyalli, yana tafiya a kife, babu kowa. Na yi ta kwarara ihu ina kiran sunansa har murya ta dushe. A kan reshen nan na yi rabin yini, ina ganin fuskar Inna, ina ganin matarsa da cikinta, ina tunanin da wane baki zan shiga gida. Sau da dama na ce in saki reshen in huta, tsoro ya hana ni.

Masuntan ne suka zo da kwale-kwale suka ɗauke ni. Muka bi ruwa ina kuka kamar yaro. Can gaba, inda gulbi ya yi gwiwa, muka tarar da jirgin ya maƙale cikin kaba, ga ƙanena kwance a kansa, ya rungume shi, idonsa a rufe. Ashe ƙarƙashin kujerun jirgin akwai iska a kulle, ita ta hana shi nutsewa, Allah kuma ya sa hannun ƙanena ya kai gare shi. Suka kifa ƙanena suka danna mashi baya, ya yi ta aman jan ruwa. Ya buɗe ido ya ce Yaya ka fita, alhamdu lillahi.

A gida Inna ta tuɓe mashi riga za ta gasa mashi jiki, sai ga shaida a ƙirjinsa, baƙa ƙirin, girman diddige. Ta tambaye shi mene ne wannan. Ina tsaye bakin ƙofa. Ya dube ni, ya mai da ido ƙasa, ya ce mata jirgin ne ya buge shi. Daga ranar bai sake tada maganar ba. Jirgin na ba maƙera suka narka. Muka ci gaba da noma gona ɗaya, muka aurar da 'ya'ya, muka yi furfura tare. Duk sallah in an sauko idi ana neman gafarar juna, sai in shirya maganar a bakina, shi kuma ya riga ni, ya durƙusa ya ce Yaya ka yafe mani. In ce na yafe, tawa maganar kuma in kasa faɗa. Haka har ya rasu, ni na yi mashi wanka.

To masu karatu, ga abin da na koya da tsada. Kada ku sayi jirgi a kan tudu, kada fenti da rantsuwar mai sayarwa su ruɗe ku. A sa shi a ruwa marar zurfi, a ɗora mashi nauyin da zai ɗauka, a tafi da wanda ya san sana'ar, in ya ce a jira a jira. Wanda bai iya iyo ba kada ya shiga, kada kuma ya ja wanda ke bin sa don kunya da biyayya. Na ɗauka ni jarumi ne, sai da ruwa ya rufe kaina na san ko ni wane ne. In kuma akwai wanda kuka zalunta yana raye, ku tashi yau ku same shi, kada ku jira sallah. Ni nawa yana makabarta, ina zuwa in tsuguna in faɗa mashi, amma ba ya amsawa.